Aikin Zane na Kwamfuta: Farashi, Kafin Alƙalami da Haƙƙin Mallaka

Zanen kwamfuta yana cikin sana'o'in da suka bunƙasa a Kano, Kaduna, Jos, Yamai da Maraɗi tun da wayar hannu da intanet suka wadata. Katin ɗaurin aure, fostar ɗan takara, tambarin shago, takardar da ake liƙa wa gorar zoɓo ko robar man shafawa, bangon littafi da tallan da ke yawo a WhatsApp, duk daga hannun mai zane suke fitowa. Sai dai sana'a ce da saɓani ya yi wa katutu. Mai zane na kukan an raina aikinsa kuma an riƙe masa ragowar kuɗi, mai shago na kukan ya biya amma an hana shi fayil ɗin tambarinsa. Yawancin wannan rigima daga abu guda take tasowa: ɓangarorin biyu ba su tsaya sun fayyace abin da ake saye da sayarwa ba. A cikin aikin zane ɗaya akwai abubuwa uku da ake biya, wato lokaci da gwanintar mai zane, da fayil ɗin da zai miƙa, da ikon amfani da zanen. Kowanne da farashinsa, kowanne kuma da hukuncinsa.

Ma'anar kalmomin sana'ar

Mai zane mai zaman kansa, wanda matasa ke kira firilansa, shi ne wanda ba ya karɓar albashi a wurin kowa, yana karɓar aiki ne ɗaya bayan ɗaya daga mutane daban-daban. Tambari, ko logo, shi ne alamar da ake gane wata sana'a da ita. Kotashan takardar farashi ce da ake bayarwa kafin a fara aiki, inbois takardar neman biya ce bayan an gama, rasit kuwa shaidar an karɓi kuɗi.

Akwai kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa. Haƙƙin mallaka shi ne ikon da doka ta ba wanda ya ƙirƙiri zane, ko rubutu, ko waƙa, na hana wasu kwafa ko sarrafa aikinsa ba da izininsa ba. Alamar kasuwanci kuwa rajista ce da ɗan kasuwa ke yi wa suna ko tambari domin kada wani ya sayar da kaya iri ɗaya da shi. Lasisi izini ne na amfani da abu ba tare da an mallake shi ba.

Dalilan da suka rikita farashi

A da, maɗaba'a ce ke ɗauke da mai zane. Mutum ya kai aikin kati ko kalanda, a ba shi farashi guda, kuɗin zane na ɓoye a cikin kuɗin bugu. Wannan al'ada ta sa mutane da yawa har yau suna ganin zane kamar gyara ne da ake ƙarawa a kan ciniki, abin da ake biya shi ne takarda da tawada. Da tallace-tallace suka koma waya, aka daina buga abubuwa da yawa, sai zanen ya tsaya shi kaɗai yana neman farashi, alhali kasuwa ba ta saba yi masa kuɗi ba.

Shiga sana'ar ma ba ta da shinge. Duk mai waya da manhajar Canva, wadda aka fara a Ostireliya a 2013, zai iya haɗa talla cikin mintuna. Sabon shiga da ke zaune a gidan iyayensa yana iya karɓar kuɗin da ba zai isa mai biyan hayar shago ba, kuma shi mai aiki, wato wanda ya kawo aikin zanen, ba koyaushe yake bambance aikin biyun ba sai an je bugawa.

Sannan kuɗin gudanar da sana'ar ya yi tashin gwauron zabo. An cire tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dala da ake samu a kan kusan naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100 a wannan shekara. Kwamfuta da dala ake shigo da ita. Manhajojin Adobe, waɗanda tun 2013 suka koma tsarin biya wata-wata, su ma farashinsu na bin dala. Mai zanen da bai taɓa farashinsa ba tun kafin wannan canji yana aiki ne da asara ko bai sani ba.

Yadda ake yanka farashi

Hanyoyi uku ne aka fi sani: biya bisa awa, biya bisa aiki, da biya bisa darajar abin ga mai shi. Masu goyon bayan biya bisa awa suna cewa shi ne adalci, domin kowa ya biya gwargwadon wahalar da ya jawo. Masu suka suna cewa yana hukunta gwani, tunda wanda ya ƙware ya fi saurin gamawa, kuma ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari ba zai yarda da cinikin da bai san ƙarshen kuɗinsa ba. Wannan suka tana da ƙarfi. Abin da ya fi dacewa da kasuwar nan shi ne a yi lissafin awa a ɓoye, a faɗi farashin aiki a fili.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka, a matsayin misali, mai zane na buƙatar naira 300,000 a wata domin haya, data, man janareta, abinci da ɗan abin da zai riƙa ajiyewa na sauya kwamfuta. Yana aiki kwana 22. Amma ba duk yinin yake zane ba: akwai amsa saƙonni, zuwa maɗaba'a, bin bashi, jiran wuta. In awa 4 ce kawai ake biya a rana, yana da awa 88 a wata, kowace awa ta kama kimanin naira 3,400. Tambarin da zai ci awa 10, daga tattaunawa har gyara na ƙarshe, bai kamata ya sauka ƙasa da naira 34,000 ba. Wannan shi ne ƙasan farashi, ba a sa riba ba tukuna. Alƙaluman kowa za su bambanta, hanyar ce ɗaya.

Daga nan sai a duba darajar aikin. Tallan rangwamen sallah kwana kaɗan zai yi ya wuce. Tambarin kamfanin ruwan leda kuwa zai hau leda, mota, allon shago da takardun ofis na shekaru. Ko da sun ci lokaci ɗaya, ba su cancanci kuɗi ɗaya ba. Saboda yanayin naira, yana da kyau kotashan ya ɗauki wa'adi, kamar mako biyu, bayansa a sake lissafi.

Tayi al'adar kasuwa ce, ba raini ba ne, kuma mai zanen da ke fushi da shi zai kori mutanen kirki. Abin lura shi ne yadda ake sauka. In Hajiya mai sayar da turaren wuta ta ce kuɗin ya yi mata yawa, amsar da ta dace ita ce a rage aikin tare da kuɗin: "Hajiya, a wannan farashi samfuri ɗaya zan kawo miki maimakon uku, gyara kuma sau ɗaya." Wanda ya rage kuɗi bai rage komai ba ya nuna cewa farashinsa na farko ba gaskiya ba ne, kuma haka za a riƙa yi masa har gaba.

Aikin 'yan uwa da abokai shi ya fi wahalar yi wa kuɗi, don kunya. Mai zane na da ikon yin kyauta, amma gara ya rubuta cikakken farashi a inbois sannan ya nuna abin da ya yafe, domin wanda aka yi wa alheri ya san girmansa, kada kuma ya tafi yana faɗa wa mutane farashin da ba shi ne na gaskiya ba.

Kafin alƙalami da saɓanin da ke cikinsa

Karɓar wani kaso kafin a fara aiki, galibi rabi, ya zama ruwan dare, kuma dalilinsa a fili yake. Tela in aka ƙi karɓar ɗinki yana iya sayar da rigar ga wani, amma tambarin da ke ɗauke da sunan shagon mutum ba shi da mai saye na biyu. Ragowar kuɗi kuma a karɓe su kafin a miƙa fayil mai inganci, a riƙa nuna samfuri da ƙaramin hoto mai alamar mai zane a kansa. Aikin kamfen ya fi buƙatar wannan tsari, domin kwamitin da ya ba da aiki yakan watse da zarar an kaɗa ƙuri'a. Haka kuma a tabbatar kuɗi sun shiga asusu ta manhajar banki, kada a dogara da hoton rasit ko saƙon alat, tunda ana ƙirƙirar na bogi.

Inda ake samun saɓani shi ne idan mai aiki ya fasa. Wasu masu zane suna rubuta cewa kafin alƙalami ba ya dawowa ko ta halin ƙaƙa. Ga musulmi, wannan sharaɗi ya taɓa mas'alar da malaman fiƙihu ke kira arbun, wato mai saye ya ba da wani abu bisa sharaɗin in ya fasa, mai sayarwa ya riƙe. Mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, sun hana shi. Imamu Ahmad ya halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi ta amince da shi a zamanta na 1993 a Burunai. Akwai hanyar da ke kauce wa saɓanin, kuma ta fi adalci ko a idon wanda ba ruwansa da fiƙihu: a kasa aikin mataki-mataki, kowane mataki da kuɗinsa. In an fasa bayan an kawo samfuran farko, mai zane ya riƙe ladan abin da ya riga ya yi, ya mayar da saura. In ba a taɓa komai ba, kuɗi su koma gaba ɗaya.

Rubutacciyar yarjejeniya da iyakar gyara

Mutane da yawa suna jin nauyin neman a rubuta, kamar zargi ne. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. Yarjejeniyar ƙaramin aiki ba ta buƙatar lauya. Saƙo ɗaya ya isa in ya ƙunshi abin da za a yi, girmansa, adadin samfura, adadin gyara, ranar miƙawa, kuɗi da yadda za a biya, irin fayil ɗin da za a bayar, da wanda zai mallaki zanen. Ɗaya ɓangaren ya amsa da cewa ya amince. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta ba kotu damar karɓar bayanan da suka fito daga kwamfuta da waya idan an cika sharuɗɗanta. Maganar da aka yi ta kira ko saƙon murya, a biyo ta da rubutu.

Adadin gyara shi ne sharaɗin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi cin riba. "Ɗan gyara kaɗan ne" yakan fara da canza launi, ya koma canza rubutu, daga baya a ce maigida ya gani bai yi masa ba, a dawo da na farko. Zagaye biyu na gyara a cikin farashi ya wadatar ga yawancin ayyuka, abin da ya ƙaru a biya. A bambance gyara da sabon aiki: sauya lambar waya gyara ne, sauya fasalin gaba ɗaya sabon ciniki ne. In ƙungiya ko kamfani ne, a nemi su ware mutum ɗaya da maganarsa ce ta ƙarshe.

Idan bashi ya ƙi fita, akwai kotunan ƙananan ƙararraki da aka fara a Legas a 2018, Kano da wasu jihohi suka bi baya. An tsara su don a gama shari'a da wuri kuma mutum na iya tsayawa da kansa. Shaidar da suke nema ita ce waccan rubutacciyar magana.

Wane ne mai zanen?

A nan ruɗani ya fi yawa. Mai shago yana ganin tunda ya biya, komai nasa ne. Doka ba haka ta fara ba. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, haƙƙi na fara tabbata ne ga wanda ya ƙirƙiri aikin, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma miƙa shi ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Ba sai an yi rajista haƙƙin ke samuwa ba, kuma ga aikin zane yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ta fuskar shari'ar musulunci ma, majalisar fiƙihun da aka ambata ta yanke a Kuwait a 1988 cewa haƙƙin ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ce da ba a yarda a keta ta ba.

Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, in ya biya kuɗin tambari ba tare da rubutu ba, yana da izinin amfani da shi a abin da aka yi shi dominsa, amma mallakar na iya zama tana hannun mai zane. Ranar da zai sayar da kamfanin ko ya kai mai kwaikwayonsa ƙara, wannan giɓi zai bayyana.

Masu zane sun kasu a kan fayil na asali, wato wanda ake iya buɗewa a CorelDRAW ko Illustrator a sauya komai. Wasu na cewa kayan aikinsu ne, ba a sayar da shi. Wasu na ganin riƙe shi garkuwa ce da mai aiki. Gaskiyar ta danganta da irin aikin. Tambari fuskar sana'ar mutum ce, bai dace a ce sai ya nemi wani ba duk lokacin da zai buga allo. Ya kamata a miƙa masa shi ɗungurungum, da fayil na asali da rubutacciyar mallaka, a sa kuɗin hakan a cikin farashi tun farko. Fosta da tallan mako kuwa, fayil ɗin bugawa ya isa, wanda ke son na asali ya biya daban. Mai zane kuma ya rubuta cewa yana da damar nuna aikin a cikin samfuran ayyukansa.

Wani kuskuren shi ne zaton rajistar suna a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta kare tambari. Ba ta kare shi ba. Alamar kasuwanci ofishinta daban ne, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta tarayya, rajistar farko na shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14. A Nijar, Kamaru da Chadi, ana yin ta ne ta ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma rajista ɗaya tana aiki a duk ƙasashen ƙungiyar.

Shi ma mai zane akwai haƙƙin wasu a kansa. Hoton da aka tsinta a Google yana da mai shi. Salon haruffa da yawa kyauta ne ga amfanin kai kawai, na kasuwanci sai da lasisi. Sharuɗɗan Canva sun hana a ɗauki zanukan da ke rumbunta a mayar da su alamar kasuwanci, don haka tambarin da aka harhaɗa da su ba zai zama na mai shago shi kaɗai ba.

Tsakanin allo da maɗaba'a

Asara mai yawa a wurin bugu take faruwa. Allon waya da na kwamfuta suna haɗa launi da haske ja, kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, tsarin CMYK. Shuɗi mai ƙyalli da Alhaji ya gani a wayarsa zai iya fitowa a dushe a takarda, don haka a gaya masa tun da wuri, in aikin babba ne a buga gwaji ɗaya ya gani. Hoton bugu na son ɗigo 300 a kowane inci, kuma wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, sai a nemi a turo shi a matsayin fayil. A bar rarar milimita 3 a gefuna saboda yanka. Tambari a zana shi da layukan da ba sa fashewa in an faɗaɗa, irin da ake kira bekta, domin ya yi kyau a kan kati da kan allon titi.

Aikin Hausa na da tasa matsalar. Salon haruffa da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai su fito da akwati ko su ari harafin wani salo, rubutun ya yi ɗinkin-ɗinki. Salo irin su Noto, Andika da Charis suna da su kuma kyauta ne. Kafin a kai maɗaba'a, a mayar da rubutun zane domin kada kwamfutarsu ta sauya shi.

Kafin bugu, mai aiki ya karanta samfurin ƙarshe ya rubuta amincewarsa. Sunan waliyyi, ranar ɗaurin aure da lambar waya su ne wuraren da kuskure ke ɓuya. Abin da ya amince da shi, kuɗin sake bugawa a kansa yake. Abin da mai zane ya sauya bayan amincewa, nasa ne.

Rajista, asusu da haraji

Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Ga mai farawa, rajistar sunan kasuwanci ta fi sauƙi da araha, sai dai ba ta raba dukiyarsa da bashin sana'ar. Amfaninta shi ne buɗe asusun banki da sunan sana'a da samun aikin kamfanoni da ƙungiyoyi, waɗanda kan nemi lambar haraji kafin su biya. Irin waɗannan wurare sukan cire wani kaso na haraji daga tushe, kuma mai zane ya karɓi shaidar cirewar domin a rage masa a lissafin shekara. Sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025 sun yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara. Ko da rajista ko babu, raba asusun sana'a da na cefane shi ne matakin da ke nuna ko ana cin riba.

Abin da ke tafe

Kasuwannin intanet irin su Fiverr da Upwork sun buɗe ƙofar aiki da dala, amma gasar ta duniya ce, kuma Fiverr na cire kashi 20 cikin 100 na kowane ciniki. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke fitar da hoto daga umarnin rubutu su ma sun raba ra'ayi. Wasu na ganin za su kashe sana'ar, wasu na ɗaukarsu kayan aiki kamar sauran. Alamu sun fi nuna cewa ƙaramin aiki mai saurin wucewa, irin gaisuwar juma'a da tallan rangwame, zai ci gaba da arha har masu shaguna su riƙa yi da kansu. Aikin da ke buƙatar sanin injin bugu, daidaiton rubutun Hausa da Ajami, da ɗaukar alhakin sakamako zai fi riƙe farashinsa. Akwai kuma batun mallaka: ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana tun 2023 cewa hoton da na'ura ta samar ba tare da ƙirƙirar ɗan Adam ba ba ya samun kariya. Saboda haka ɗan kasuwar da zai biya kuɗin tambari yana da hujjar tambayar yadda aka yi shi, mai zane kuma ya rubuta amsar a cikin yarjejeniya.